Ƙashin Yaro Ɗanyen Icce Ne

Laccar da ɗaya daga cikin tsoffin ɗalibai, likitan ƙashi, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya umurce ni da in yi magana a kan matsalolin ƙashi da ke damun yara, yadda ake gane su da yadda ake maganinsu. Na karɓi wannan umurni da farin ciki, ko da yake tsayawa gaban malamin da ya taɓa duba littafinka da jan biro ba ƙaramin aiki ba ne, ko da kuwa furfura ta fito maka. Zan yi ƙoƙari in kauce wa Turancin asibiti, domin abin da nake so shi ne kowa ya koma gida da abin da zai yi aiki da shi.

Wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Da farko, mafi yawanmu iyaye ne yanzu, wasunmu ma kakanni. Na biyu, idan yaro ya faɗo daga bisa itace a Kimba ko Sabiyal ko Mungadi, kafin a yanke shawarar inda za a kai shi, ɗan gidan da ya yi makaranta ake kira a waya, wato mu. Amsar da muka bayar a wannan lokaci tana iya zama dalilin da yaro zai tashi da hannunsa, ko ya rasa shi.

Yadda ƙashin yaro yake

Ana haihuwar jariri da ƙasusuwa kusan 300, wasu su haɗe yayin da yake girma har su koma 206. Ƙashin yaro yana da taushi, saboda haka sau da yawa ba ya ɓallewa biyu kamar busasshen kara, sai dai ya lanƙwashe ya tsage ta gefe ɗaya kamar ɗanyen reshe. Yana kuma saurin haɗewa. Karayar cinyar jariri takan haɗe cikin mako uku, ta ɗan shekara takwas cikin kamar wata biyu, ta babba kuwa sai ta kai wata uku zuwa huɗu. Ƙashin yaro da ya haɗe a ɗan karkace ma yakan miƙar da kansa a hankali.

Amma akwai wani wuri mai rauni. Kusa da kowace gaɓa, a ƙarshen dogayen ƙasusuwa, akwai wani faifan guringuntsi wanda daga gare shi ne ƙashi ke ƙara tsawo. Idan karaya ta ratsa wannan wuri kuma ba a daidaita ta sosai ba, ƙafa ko hannu na iya daina girma, ko ya girma a karkace, kuma ba za a ga illar ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Hannu ba ya iya lalubo irin wannan karaya, sai hoto.

Sunan da Turawa ke kiran wannan fanni namu ma daga yara ya samo asali. Wani likitan Faransa, Nicolas Andry, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1741, ma'anarta kuwa miƙar da yaro. A littafinsa ya sa hoton wani ƙaramin itace karkatacce da aka ɗaure a jikin miƙaƙƙiyar sanda. Ashe abin da kakanninmu suka faɗa ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Karaya da maganar ɗori

Ba za a yi maganar karaya a ƙasarmu ba a ambaci Aliero ba. Bayan albasa, babu abin da ya fitar da sunan garin kamar ɗori. Sana'a ce ta gado, mutane na zuwa dominta daga sassan ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta, kuma da wuya a sami gida a Jega ko Maiyama da babu wanda aka taɓa ɗora a can ya warke. Masu ɗori suna kusa da jama'a, suna jin harshensu, ba sa tsawwala kuɗi. Ban zo nan don in rage musu daraja ba. Abin da nake so mu fahimta shi ne akwai karayar da ɗori ke iya yi wa aiki, akwai kuma wadda ta fi ƙarfin kowane hannu, komai ƙwarewarsa, domin abin da ya lalace yana can ciki inda ido ba ya gani.

Mafi haɗari a cikinsu ita ce karayar saman gwiwar hannu. Ta fi samun yara 'yan shekara 5 zuwa 7, idan suka faɗo daga mangwaro ko jaki ko katanga suka dafa ƙasa da tafin hannu. Babbar jijiyar jini da jijiyoyin motsa yatsu suna bi ta gaban wannan ƙashi, tsinin karayar na iya danne su ko ya yanke su. Sa'an nan wurin yana kumbura ƙwarai a kwana biyu na farko. Idan aka zagaye hannun da karare ko tsinken gora aka ɗaure tam, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da jini ya daina kai mata takan fara mutuwa cikin kamar awa shida. Ƙarshen abin ɗayan biyu ne: ko hannu ya shanye yatsu su ƙanƙame kamar ƙafar kaza, abin da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881, ko kuma hannun ya yi baƙi ya ruɓe, sai yankewa. Kowane likitan ƙashi a Arewa ya ga irin wannan yaro, wanda aka kawo bayan mako guda da karaya ƙarama, ya koma gida da dungu.

Wannan haɗari ba na ɗori ne kaɗai ba. Filastar asibiti ma idan ta matse, haka take yi. Saboda haka ga alamomin da ya kamata kowa ya haddace, ko a ina aka ɗaure yaron: ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, har maganin ciwo ba ya kwantar da shi, yaro yana ihu idan aka miƙar masa da yatsu, yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun canza launi, ko ba ya jin taɓawa, fata ta yi bororo. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a sassauta ɗaurin nan take, a kama hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada a ce a jira gari ya waye, kada kuma a ce zafin alamar magani na aiki ne.

Karayar da ya kamata a wuce da ita asibiti tun farko kuwa ita ce: wadda ƙashi ya huda fata ko akwai rauni a kanta, domin tana bukatar wanki da maganin ƙwayoyin cuta da allurar tetanus, wadda ke gwiwar hannu ko kusa da kowace gaɓa, karayar cinya, ƙugu, ko ƙashin baya, da kuma wadda ta samu bayan ɗan ƙaramin tuntuɓe, domin mai yiwuwa ne ƙashin dama yana da ciwo. Kafin a isa, a tallafe hannun ko ƙafar da kwali ko katako da tsumma mai laushi, a bar yatsu a waje ana ganinsu, kada a ja, kada a murza, kada a yi tsaga.

Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa

Cikin kowane jarirai 1,000 akan sami kamar ɗaya da aka haifa tafin ƙafarsa ya murɗe ciki yana kallon ɗan uwansa, diddige ya ɗage sama. Ya fi yawa ga maza, kuma kusan rabinsu ƙafa biyu ce. Ba laifin uwa ba ne, ba wani abin da ta tsallaka ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Idan aka bar shi, yaron zai tashi yana taka gefen ƙafa, ba ya iya sa takalmi, wurin ya yi kanta.

Wani likita ɗan asalin Sifen da ya yi aiki a jami'ar Iowa ta Amurka, Ignacio Ponseti, ya fito da hanyar gyara ta ba tare da babbar tiyata ba, kuma ita duniya ke bi yanzu. Kowane mako ana juya ƙafar a hankali da hannu, a sa mata filasta daga yatsu zuwa cinya, kamar sau 5 zuwa 8. Daga nan yawanci akan ɗan yanke agara, aikin 'yan mintoci, a sake sa filasta ta mako uku. Sai takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, yaro ya sa su awa 23 kullum na wata uku, sa'an nan da dare kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar. Fiye da yara 90 cikin 100 suna samun ƙafar da za su yi gudu su buga ƙwallo da ita. An fi samun sauƙi idan aka fara cikin makonnin farko, amma yaron da ya riga ya fara tafiya ma a kai shi. Inda aka fi samun matsala shi ne takalman nan: yaro ya yi kuka, kaka ta ji tausayi ta cire, ƙafa ta koma yadda take. A nan ne bakinmu zai yi amfani a cikin gida.

Ƙafar baka da gwame

Wannan ita ce ta fi kawo iyaye asibiti, kuma mafi yawansu ba sa bukatar komai sai haƙuri. Kowane jariri ƙafafunsa a ɗan bake suke. Sukan miƙe wajen shekara biyu, sa'an nan su ɗan yi gwame wajen shekara uku zuwa huɗu, su daidaita wajen shekara bakwai. Haka kuma tafin ƙafar ƙaramin yaro a shimfiɗe yake, lanƙwasarsa sai daga baya take fitowa. Wannan duk girma ne, ba ya bukatar ɗauri ko tausa ko takalmi na musamman. Goyo ma ba ya kawo ƙafar baka kamar yadda wasu ke faɗa. Hasali ma yadda iyayenmu mata ke goya yaro, cinyoyinsa a buɗe, yana taimaka wa gaɓar ƙugu ta zauna daidai.

Wanda ya kamata a kai asibiti shi ne yaron da lanƙwasar ke ƙaruwa bayan shekara biyu, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko yana jin ciwo, ko ya yi jinkirin tafiya, wuyan hannunsa ya yi kauri, haƙarƙarinsa ya yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. Wannan laushin ƙashi ne. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ke kawo shi, domin rana ce ke sa fata ta yi bitamin D. Mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Jos a kan yara 123, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa yaranmu ƙarancin sinadarin kalsiyam ne ya fi damunsu: waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Dalili kuwa yaro da an yaye shi sai kunu da tuwo, babu nono. Maganin yana kasuwar Jega: nono da kindirmo, ƙananan busassun kifi a daka su har da ƙayarsu a zuba a miya, kuka, zogale da riɗi. Idan aka kama shi da wuri, magani na wajen wata shida yana ƙarfafa ƙashin, ƙafafun kuma su ci gaba da miƙewa da kansu. Tiyata sai ga wanda ya girma da shi.

Ɗingishi da zazzaɓi

Yaron da bai faɗi ba, amma ya wayi gari da zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafa, ko jaririn da ke tsala ihu duk lokacin da aka motsa masa cinya, a ɗauke shi tamkar wanda maciji ya sara. Ƙwayoyin cuta kan bi jini su sauka a ɓargo ko a cikin gaɓa su tara mugunya. Idan gaɓar ƙugu ce, cikin kwana ɗaya ko biyu guringuntsi ya fara lalacewa, kuma ba ya dawowa. Sau da yawa akan ce targaɗe ne a kai ɗori, ko a ce maleriya ce a sayo magani a kemis, har mako biyu su wuce. Idan aka zo da wuri, allurar kashe ƙwayoyin cuta da fitar da mugunyar sun isa. Idan aka makara, wani yanki na ƙashin ya mutu, ƙafa ta yi ta zubar da ruwa shekara da shekaru.

Masu ciwon sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin wannan jini ba tare da ya sani ba, shi ya sa gwaji kafin aure yake da muhimmanci. Jaririn da hannuwa da ƙafafu ke kumbura masa daga wata shida a gwada jininsa. Mai sikilar da ya daɗe yana kukan ƙugu a yi masa hoto, domin jini kan daina isa kan ƙashin cinya.

Abin da malami zai iya gani a aji

Iyayenmu malamai, da 'yan uwanmu da suka gaje ku, yaro yana gabanku awa biyar ko shida kowace rana, kun fi likita ganinsa. Ɗalibi ɗan shekara 10 zuwa 16, musamman mai jiki, da ke ɗingishi yana kukan gwiwa alhali gwiwar ba ta kumbura ba, sau da yawa ciwon a ƙugu yake, kan ƙashin cinya ne ke zamewa. Ya daina wasa, a kai shi hoto. Ɗalibar da kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo, a sa ta sunkuya, idan gefe ɗaya na bayanta ya fi tudu, ƙashin baya ne ke karkacewa. Yaron da ke ramewa, yana gumin dare, bayansa na ciwo har wani ƙullutu ya fara fitowa, a yi zaton tarin fuka na ƙashin baya. Shi ne ke kawo ƙusumbi, yana iya shanye ƙafafu, amma yana jin magani, kuma maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai ana shan sa har wajen shekara guda.

Mu da muka tashi tare da abokan da shan inna ta naƙasa mun san darajar rigakafi. An ga asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Wannan bai sa a daina ɗiga wa yara maganin ba. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa. A kuma guji allurar masu yawo, domin allurar da aka soka a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa ta bar yaro yana jan sawu.

Inda za a je, da abin da ƙungiya za ta iya yi

Matakin farko shi ne babban asibitin Jega ko na Aliero ko na Maiyama. Idan abin ya fi ƙarfinsu su ne za su rubuta takardar turawa zuwa Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa: kuɗin mota da na hoto, da kuma tsoron cewa asibiti yanke ƙafa suke yi. A gaya musu gaskiya, likita ba ya yanke gaɓar da za a iya cetowa. Wadda ake yankewa yawanci ta riga ta mutu kafin a kawo ta, ana cire ta ne don kada ta tafi da ran yaron.

Ina ba ƙungiya shawara uku. Ta farko, mu ware wani kaso daga kuɗin da muke tarawa ya zama asusun gaggawa, a hannun amintattu a garuruwan nan uku, domin kuɗin mota da hoton yaron da iyayensa ba su da hali. Ta biyu, 'yan ƙungiya ma'aikatan lafiya su riƙa ziyartar makarantarmu da firamaren da ke kewaye sau ɗaya a zango, su nuna wa malamai waɗannan alamomi, su kuma gana da ungozomomi game da ƙafar jarirai. Ta uku, mu nemi izinin iyayen ƙasa mu zauna da masu ɗori, zama na mutunci, mu ji nasu su ji namu. An gwada haka a kudancin Habasha: aka yi wa masu ɗori bita ta yini ɗaya a kan haɗarin matse ɗauri, sai gaɓoɓin da ake yankewa saboda ruɓewa suka ragu daga 25 a shekaru biyu kafin bitar zuwa 7 a shekaru biyu bayanta, kamar yadda aka buga a 2005. Mai ɗorin da ya san wanda zai riƙe da wanda zai tura asibiti, darajarsa ƙaruwa take yi. Mu kuma 'ya'yansu ne da maƙwabtansu, za su fi sauraronmu a kan baƙo.

Kammalawa

A taƙaice, matsalolin ƙashin yara kashi uku ne. Akwai wanda girma ke gyarawa, kamar ƙafar baka ta ɗan shekara ɗaya. Akwai wanda ke bukatar makonni da haƙuri, kamar murɗaɗɗiyar ƙafa da laushin ƙashi. Akwai kuma wanda awoyi kaɗan ne tsakaninsa da naƙasa, wato matsattsen ɗauri, karayar gwiwar hannu, da ɗingishi mai zazzaɓi. Wanda ya iya bambanta waɗannan uku ya sami abin da na zo da shi. Ranar da aka kira ɗayanmu daga gida aka ce yaro ya faɗi, ya tambaya: ina ne ya karye, akwai rauni, yatsu suna motsi, akwai zazzaɓi? Amsar ita za ta nuna masa hanyar da za a bi.